Ranar da Gwaggo Ta Ce Ba Ta San Ta Ba

Ni direba ne a gidan wanki. Ba wankin bokiti da igiyar shanya nake nufi ba. Wani ƙaton ɗaki ne mai rufin kwano a bayan gari, inda ake wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal da asibitoci. Da safe in kwaso masu datti, da yamma in mayar da wankakku. Ban iya tsara zance ba, masu iya tsara shi kuma na daina sauraronsu tuni. Abin da na gani game da Gwaggo zan faɗa, inda ba na nan kuma zan ce ba na nan.

Gwaggo ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba. Mun zo mun tarar ana kiranta haka, muka bi. Gajeriya ce, ba ta da jiki, da tabon ƙuna a bayan hannun dama mai sheƙi kamar leda. Ta riga manajan yanzu zuwa wurin, ta riga na gabansa ma. Mijinta ne ya kawo ta ƙasar nan tun tana da ƙuruciya, ciwon ƙirji ya ɗauke shi, bai bar mata ɗa ba. Ba ta koma gida ba. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce waɗanda za ta koma wurinsu duk sun riga mu gidan gaskiya, a nan kuwa ko ba komai akwai kabari guda da ta san hanyarsa. Takardar zamanta irin wadda ake sabuntawa ce duk shekara. A layin ofishin sabuntawar ta yi furfura, ba su taɓa ba ta ta dindindin ba.

Wurin aikinta bakin injin guga ne, wani dogon ƙarfe mai zafi da ake cusa wa zanin gado da danshinsa ta gaba, ya fito a goge ta baya. Mutum biyu ke riƙe zanin, ɗaya a kowane gefe, su ja shi ya miƙe, su saka a tare. In ɗaya ya yi jinkiri, zanin ya shiga a karkace ya fito a yamutse, sai a sake. Gwaggo ta ga abokan riƙo iri-iri. Wadda ta fi daɗewa da ita ita ce Doguwa.

Doguwa ta zo mana da ciki, ba miji, ba takarda. In suka tsaya a bakin injin, ɗaya har rufi ɗaya har gwiwa, kowa sai ya yi dariya. Mai tukunya, wato wanda ke kula da manyan injinan wanki, kullum sai ya ce, "Gwaggo, a kawo miki kujera ki hau, ko a haƙa wa Doguwa rami?"

"A haƙa ramin," in ji Gwaggo, "in an gama a saka bakinka a ciki."

Gwaggo ce ta gano cewa a ɗakin sauya kaya Doguwa ke kwana, domin kullum ita ke riga kowa zuwa, kuma ba a taɓa ganin fitarta ba. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta tambaye ta uban cikin ba. Da aka tashi aiki ta ce, "Ɗauko jakarki." Shi ke nan.

Ɗakin Gwaggo yana saman shagon mai facin taya, ana hawa ta wata matakalar ƙarfe mai rawa. Na san shi, don ni na hau musu da kabad a ka. Gado ɗaya, katifa a ƙasa, risho a bayan ƙofa, taga tana kallon bangon maƙwabta. A nan Doguwa ta dawo da jaririya daga asibiti, 'yar mitsitsiya. Gwaggo tana da gwangwanin madara da take tara aninayen riguna da ke zubewa a cikin injin. Mai tukunya ya leƙa fuskar jaririyar ya ce, "Wannan ai anini ce, Gwaggo, saka ta a gwangwaninki." Sunan ya bi ta. Tana da sunan yanka, amma mu Anini muka sani.

Suka raba aikin saboda yarinyar. Gwaggo ta riƙe na safe, Doguwa ta koma na yamma. Da rana tsaka, lokacin canjin ma'aikata, sukan haɗu a bakin injin su riƙe 'yan zannuwa tare, su yi maganar madara da zazzaɓi, sannan Gwaggo ta wuce gida. Da Anini ta isa shiga makaranta, uwar ke kai ta da safe, Gwaggo ke ɗauko ta in an tashi. Ita ke yi mata wanka, ita ke yi mata kitso, ita ke cire mata ɓawon burodi don ba ta cin sa. In hanyata ta bi ta nan nakan rage musu hanya. Anini ta hau cinyar Gwaggo a gaban mota tana taɓa duk abin da aka hana ta.

"Kawu Mota, danna hon."

"Ba a danna hon a banza."

"Gwaggo, ki ce ya danna."

"Danna mata, ɗan nan, ko mu samu lafiya."

Akwai wata doka a wurinmu da ba a rubuta a bango ba. Kafin a nuna wa sabon ma'aikaci banɗaki, ita ake fara faɗa masa: in hukuma ta shigo, ba ka san kowa ba. Ba ka san sunansa ba, ba ka san gidansa ba, ba ka san ko yana da iyali ba. Ba rashin imani ba ne. In ka ce ka san gidan mutum, gidan za su je, su tarar da ƙaninsa da matar ƙaninsa da wanda ya zo jiya. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu ba su da takarda, dokar nan ta rufa wa mutane asiri shekara da shekaru. Kuma mai koyar da ita Gwaggo ce. Ita ta koya mini, duk da ni takarduna cikakku ne. Ita ta koya wa Doguwa, Doguwa kuma ta riƙe ta da kyau, har a makarantar Anini ba ta ba da lambar kowa ba sai tata.

Ranar da jami'an shige da fice suka zo ba na nan, ina kan hanya da kaya. Waɗanda ke ciki suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Lokacin canji suka shigo, don su samu na safe da na yamma a haɗe. Suka rufe ƙofa, suka karɓe wayoyi, suka ce kowa ya tsaya inda yake. Gwaggo da Doguwa na riƙe da zani ɗaya. Aka ware marasa takarda aka jera su a jikin bango, Doguwa a cikinsu.

Tare da jami'an akwai wata mata mai tabarau daga ofishin kula da yara. Aikinta ta bi waɗanda aka kama ta tambaya ko sun bar yara a gida. Ta zo kan Doguwa.

"Kina da yara?"

Doguwa ta kalli Gwaggo. Ta san lokacin tashin makaranta ya kusa, ta san mai ɗauko yarinyar. Ta ji tsoron in ta ce akwai, za a je a ɗauko ta a tsare su tare, ko a kai ta inda ba wanda ya sani.

"Ba ni da su," ta ce.

Mai tabarau ta juya wurin Gwaggo, wadda har lokacin gefen zanin na hannunta.

"Mama, na ga tare kuke aiki. Kin san ta? Kin san ko akwai yaro a gida?"

"Ban san ta ba," in ji Gwaggo. "Zani kawai muke riƙewa."

Kowa ya yi abin da aka koya masa. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, masu takarda ma ba a sake su ba sai da aka gama duba na kowa, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta yi sanyi. Ina tsaye a waje da mota lokacin da aka buɗe ƙofa. Gwaggo ta fito da hular aiki a kanta, ta buɗe motar ta shiga ba sallama.

"Makaranta," ta ce.

Mun tarar da ƙofar a kulle. Mai gadi ya ce malamar ta zauna da yarinyar har kowa ya watse, ta yi ta kiran lambar uwar ba a ɗauka, ba ta da wata lambar, sai ta kira ofishin kula da yara. Wata mota ta zo ta tafi da ita. Ya ce yarinyar ba ta yi kuka ba, tana ta ce musu Gwaggo na nan zuwa.

Gwaggo ta riƙe ƙarfen ƙofar ta daɗe. Sannan ta ce in kai ta gida.

Washegari da sassafe na kai ta ofishin. Muka zauna a benci har aka kira mu, muka shiga, sai ga mai tabarau a bayan tebur. Ta gane Gwaggo nan take.

"Ba ke ce ta wurin wanki ba?"

"Ni ce. Na zo ɗaukar yarinyar da aka kawo jiya."

"Mece ce taki?"

Ba jika ba, ba 'yar ɗan'uwa ba. Gwaggo ta ce, "A hannuna ta girma."

Matar ta cire tabarau ta murza ido. Ba muguwa ba ce, gajiya ce a fuskarta irin tamu. Ta ce, "Mama, jiya na tambaye ki a gaban mutane. Da kin ce akwai yarinya, da na sa an fita da ke kin ɗauko ta, mu zauna mu san yadda za a yi. Yanzu uwar ta ce ba ta da ɗa, ke kin ce ba ki san uwar ba, yau kuma kin zo ki ce in ba ki yarinya. Ke a wurina za ki bayar?"

"Ba zan bayar ba," in ji Gwaggo.

Ba a daɗe ba aka saka Doguwa a jirgi. Ta yi ta faɗa musu a inda aka tsare ta cewa tana da 'ya, amma maganar farko ta riga ta shiga. Anini a nan aka haife ta, ba za a haɗa ta da uwar haka kawai ba, sai kotu ta duba. Aka ba wani mai kantin magani da matarsa riƙonta kafin nan. Ba su da ɗa, sun daɗe suna nema.

A wurin aiki kowa ya yi magana. Anini 'yarmu ce duka, in ji su. Mai tukunya ya rantse sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Matan sashen tawul suka yi kuka suka rungume Gwaggo. Sati biyu ana haka, sannan maganar ta koma kan sabon injin busarwa.

Gwaggo kuwa an hana ta ganin yarinyar, tunda ba dangi ba ce. Duk ranar hutunta sai ta ɗauko wasu daga cikin kayan Anini, ta wanke abin da yake wankakke, ta goge, ta ninke a leda, ta hau bas ta kai ofishin. Mai tabarau ta ce mata yarinyar na da kaya. Ta ce ta sani. Wani satin ta sake kaiwa. Da kayan suka ƙare ta fara sayen sabbi, tana ƙara girman kaɗan-kaɗan da ka.

Katifar ƙasa tana nan inda take. Na ce ta saka wani a ɗakin ya rage mata nauyin haya, ta ce, "In na nemi shawara zan aiko maka."

Wata rana muna dawowa daga kai kaya wani asibiti, na ɗauko ta don ta taya ni saukewa, sai ta ce in bi ta wani layi. Ban san yadda ta gano wurin ba. Ta ce in tsaya a tsallaken wani kantin magani, in kashe mota. Muka zauna. Can sai ga wata mata ta fito riƙe da hannun Anini. Yarinyar ta yi tsawo, da sabon takalmi, da jakar makaranta mai hoton zomo. Tana ba matar labarin wani abu da hannu bibbiyu. Na kai hannu kan hon.

Gwaggo ta riƙe mini hannu. "Kada ka soma."

Suka wuce ta gabanmu suka sha kwana. Gwaggo ta bi su da ido har suka ɓace.

"Ba a iya kitson ba," ta ce. Jim kaɗan ta ƙara, "Amma suna ciyar da ita. Ta yi kumatu. Tada mota."

Daga nan ya zama duk sati sai mun bi ta layin. Wani lokaci mu gan ta, wani lokaci mu gama zamanmu mu tafi. Ba ta taɓa sauka ba.

Doguwa takan kira. A garinsu waya ba ta kamawa sai ta yi tafiya zuwa bakin titi, maganar ma rabi iska ce. Kotu ta yi ta sa ranar zama, ana aika mata ta halarta, ita kuwa an hana ta shigowa ƙasar. Duk zaman da aka yi ba ta nan, sai a ce uwa ba ta zo ba. Har mai kantin magani da matarsa suka nemi a ba su yarinyar baki ɗaya, ta zama tasu a hukumance, a cire sunan uwar. Hujjarsu ba ƙarya ba ce: uwar da bakinta ta ce ba ta da ɗa, kuma ba wanda ya fito ya ce ya san su.

Mai tabarau ce ta tura Gwaggo wurin wani lauya da ke taimakon irinmu kyauta. Ɗan ofishinsa bai fi gaban motata ba. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce abu ɗaya ne zai iya tsayar da maganar: wani ya tsaya a gaban alƙali ya ce uwar ba yar da 'yarta ta yi ba, ya faɗi inda suke zaune, ya faɗi dalilin da ya sa ta musa.

"Amma ki ji da kyau, Mama. In kin tsaya, kin amsa cewa kin yi wa hukuma ƙarya. Kin amsa cewa kin ajiye marar takarda a ɗakinki. Kin faɗi yadda ake yi a wurin aikinku. Takardarki ta shekara ce, ban san yadda za su kalle ta ba bayan haka."

Gwaggo ta ce, "In na faɗa, za su ba ni ita?"

Lauyan ya kalle ni, ya kalle ta. "Ba na jin haka. Ba jininki ba ce, ɗakinki ɗaya, ga shekaru. In mun yi nasara, abin da ya fi kusa shi ne a kai ta wurin uwarta."

"In na yi shiru fa?"

"Ta zauna inda take."

Muka fito. A mota na gane lissafin. In ta yi shiru, Anini na nan a garin nan, ana ciyar da ita, tana zuwa makaranta, kuma duk sati Gwaggo za ta gan ta daga tsallaken titi. In ta yi magana, za a kai yarinyar wata ƙasa da Gwaggo ba za ta taɓa iya zuwa ta dawo ba.

Labari ya isa wurin aiki kafin mu isa. Manaja ya kira ta ofis ya rufe ƙofa, ta fito fuskarta ba ta canza ba. Mai tukunya ya tare ta a bakin famfo.

"Gwaggo, ke fa kika koya mana. Yanzu ke za ki je ki kwance mana zani a kasuwa?"

"Ba zan kira sunan kowa ba."

"Sai kin kira suna? Ina da yara uku, Gwaggo."

"Na san su. Ka ba makarantarsu lambar wani ban da taka?"

Ya juya ya tafi. Ta wanke hannunta ta koma bakin injin.

Ranar da Doguwa ta sake kira muna cikin mota, Gwaggo ta sa wayar a fili don kunnenta ya fara nauyi. Doguwa na kuka, iska na yanke maganar.

"Gwaggo, kada ki yi, za su kore ki. Ko dai a bar ta? Nan ba ni da komai, ɗakin ƙanwata nake kwana. Can tana da makaranta..."

"Kina son a bar ta?"

Manyan motoci na ta wucewa da ƙara a can.

"Na tambaye ki, 'yar nan. Kina son a bar ta?"

"Ba na barci, Gwaggo. In na ga yarinya mai tsawonta sai in bi ta."

"To, share hawayenki. Kuɗin wayarki na ƙonewa."

Kotun ba irin ta talabijin ba ce. Ƙaramin ɗaki ne da dogon tebur da na'urar sanyi mai ƙara. Daga wurin aikinmu ba wanda ya zo sai ni. Na faɗi abin da na sani, ba shi da yawa: na sha ɗaukar su a mota, na ga ɗakin, na ga katifar. Gwaggo ta sa rigarta mai kyau. Alƙalin ya tambaye ta ko ta san uwar yarinyar.

"Na san ta. A ɗakina ta zauna tun tana da cikin."

"An ce kin faɗa wa jami'ai ba ki san ta ba."

"Na faɗa."

"Me ya sa?"

"Haka muke cewa in an zo. Ni na koya mata. Ta ce ba ta da ɗa ne don ta san zan je in ɗauko yarinyar. Ni ce ban je ba, an rufe mu."

Ya yi mata wasu tambayoyi, ta amsa a gajarce, ba ta ƙara gishiri ba. Mai tabarau ta ce gaskiya ne matar nan ta zo washegari da sassafe, kuma tun daga ranar ba satin da ba ta kawo kaya a goge ba. Matar mai kantin magani na zaune a ɗaya gefen, ta dafe baki da hankici. Ban ji daɗin kallonta ba. Ba ta yi wa kowa laifi ba.

Hukuncin bai fito ranar ba, sai da aka yi ta bincike a can wurin uwar. Da ya fito, kamar yadda lauyan ya faɗa ne. Ba a cire sunan Doguwa ba. Aka ce a kai mata 'yarta.

An ba Gwaggo izinin ganinta sau ɗaya kafin tafiya, a wani ɗaki na ofishin mai kujerun yara, ni na raka ta. Anini ta shigo ta laɓe a bayan matar mai kantin, tana leƙe. Gwaggo ba ta miƙa hannu ba. Ta zauna a ƙaramar kujera, ta fito da gwangwanin madara, ta zazzage aninayen a kan tebur ta fara ware su, farare gefe, baƙaƙe gefe. Yarinyar ta matso. Ta ɗauki wani ja ta ce, "Wannan nawa ne."

"Naki ne."

"Gwaggo, me ya sa ba ki zo kin ɗauke ni ba?"

"Na makara."

"Na jira ki."

"An faɗa mini."

Ta hau cinyarta kamar jiya suka rabu. Gwaggo ta tsefe mata kai ta sake kitson, a hankali, ba ta taɓa yin kitso mai daɗewa haka ba. Da lokaci ya cika ta mayar da aninayen cikin gwangwani ta saka mata a jakar zomo. Anini ta ce in danna hon in za mu tafi. Na danna har mai gadi ya fito.

A ofishin aka bar Anini, daga nan za a wuce da ita. A bakin titi matar mai kantin ta tsaya kusa da Gwaggo, su biyu, kowacce hannunta ba komai. Matar ta ce, "Ba ta cin ɓawon burodi."

"Tun tana ƙarama," in ji Gwaggo.

Kowacce ta kama hanyarta.

Bayan shari'ar jami'ai sun sake zuwa wurin aikinmu. Ba su samu kowa ba, don waɗanda ya kamata su gudu sun riga sun gudu, har da mai tukunya, wanda zuwansu na farko ya tsira don yana hutu. Ko maganar Gwaggo ce ta jawo, ko dama za su zo, ban sani ba. Waɗanda suka rage sun yanke nasu hukuncin. Lokacin hutu in ta zauna a benci, sai benci ya zama nata ita kaɗai. Tana shan shayinta a tsaye yanzu, a bakin ƙofar da nake loda kaya. Takardarta kuwa sun karɓa sun ce ana dubawa, suka ba ta wata 'yar ƙarama ta riƙe kafin nan. Ta daɗe a hannunta har ta fara yagewa a ninki.

Doguwa na kira lokaci-lokaci. Anini ta shiga makaranta a can, ta yi zazzaɓi ta warke, haƙorinta na gaba ya fita. In an ba ta waya takan ce, "Gwaggo," sai iska ta ɗauke sauran. Mun daina bi ta layin kantin magani.

Tsofaffin ma'aikata ba mai son riƙe zani da ita, saboda haka manaja sabbi yake tura mata. Makon jiya aka kawo wata yarinya siririya, mai yawan waige. Ina jiran a cika mini keken zannuwa, na ji Gwaggo na nuna mata inda za ta sa hannu da inda ba za ta sa ba, ta nuna mata tabon. Sannan ta rage murya.

"Kina da yaro? In kina da shi, ki kai lambata makarantarsu. Ki ce gwaggonsa ce."

Da gani an riga an ja wa yarinyar kunne game da ita. Ta kawar da kai ta ce, "Ba ni da kowa."

Daga aljihun rigarta wata 'yar safa ta leƙo, ba ta fi tsawon yatsana ba. Gwaggo ta kalli safar, ta kalli fuskar yarinyar. Ta sunkuya ta ɗauko zani daga kwando, ta miƙa mata gefe ɗaya.

"Ɗaga naki," ta ce. "Ya karkace."